Amsa: ta yaya mutanen Harappa suke ciniki alhali ba su da kuɗi?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka ji mutanen Harappa, wato tsohuwar al'ummar kwarin kogin Indus a Pakistan da Indiya ta yau, ba su da sulalla, to yaya aka yi suka zama manyan 'yan kasuwa. Gaskiya ne ba su da sulalla, amma fa kar ka ɗauka ciniki ne na hargitsi. Lokacin da nake karatu a Indiya na leƙa Lothal a jihar Gujarat, na kuma sha shiga gidan adana kayan tarihi na Delhi, abin da ya fi tsaya min a rai ba gumakan ba ne, wasu 'yan duwatsu ne masu kusurwa huɗu da mutane ke wucewa ko kallo ba sa yi. Duwatsun awo ne.

Tsarinsu 1, 2, 4, 8, 16, 32, 64 yake tafiya, kowane ninkin na baya, sai manyan su koma lissafin goma-goma, wanda aka fi samu kuma nauyinsa wajen giram 13.7. Abin mamaki shi ne dutsen da aka tono a Harappa da na Mohenjo-daro da na Lothal kusan nauyi ɗaya ne, garuruwan da ke da nisan ɗaruruwan kilomita tsakaninsu, kuma muna maganar wajen shekara ta 2600 zuwa 1900 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ne fa. Mu nan kwanon awon wannan kasuwa daban da na waccan, wani ma a bubbuge gindinsa yake. Su kam ba ni gishiri in ba ka manda ne, amma da ma'aunin da kowa ya yarda da shi. Hatta bulonsu awo ɗaya, 1:2:4, wato faɗinsa ninkin kaurinsa, tsawonsa ninkin faɗinsa.

Sai hatimi. 'Yan ƙanana ne na dutse mai laushi, da hoton dabba da ɗan rubutu a sama, idan aka ɗaure kaya sai a manna laka a kan ƙullin a danna hatimin. A Lothal an samu irin wannan lakar da yawa da shaidar hatimi a jiki. Rubutun har yau ba wanda ya iya karanta shi.

Amma kasuwa ba ta ci sai da cikin rumbu. Alkama da sha'ir suke nomawa bayan ambaliyar kogin Indus ta janye ta bar ƙasa mai taki, ga riɗi ga dabino, ɓangaren Gujarat kuma akwai dangin gero. Auduga ma suna cikin na farko a duniya da suka noma ta suka saƙa. A Kalibangan an tono gona da sawun garma a jiki, layuka a gicciye alamar shuka iri biyu a gona ɗaya, a Banawali an samu garmar wasan yara ta yumɓu. Shanu masu tozo, awaki, tumaki, da amalanken shanu duk suna da su. Dholavira wuri ne mai ƙarancin ruwa, sai suka haƙa manyan tafkuna suka gina su da dutse.

Sana'ar da ta fi burge ni ita ce ta duwatsun ado. A Chanhudaro da Lothal akwai masu fere jan dutse, su gasa shi a wuta ya ƙara ja, su huda shi tsawonsa da wani matsoni na dutse mai tauri, aikin kwanaki ne a kan ƙwara ɗaya wallahi. Irin waɗannan duwatsun aka samu a kaburburan sarakunan Ur a Iraƙi ta yau. Mutanen can suna kiran ƙasar mutanen Harappa da suna Meluhha a ganin yawancin masana, Sarki Sargon na Akkad, shi ma a Iraƙi ta yau, har alfahari ya yi cewa jiragen ruwan Meluhha da Magan da Dilmun suna tsayawa a gaɓar birninsa. Magan ita ce Oman, daga nan jan ƙarfe ke fitowa, Dilmun kuma Bahrain, zangon 'yan kasuwa. Shuɗin dutsen nan mai tsada na Badakhshan kuwa, saboda shi mutanen Harappa suka je suka kafa gari a Shortugai can arewacin Afganistan.

Daga wajen shekara ta 1900 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) da manyan biranen suka fara watsewa, mutane suka koma ƙauyuka, noma ya ci gaba, amma hatimin da rubutun da duwatsun awon duk aka daina amfani da su.