Matatar "nano" tana kashe yuraniyom a ruwa?

Tambaya: Dakta barka da aiki. Ni ɗalibin kemistiri ne, iyayena suna Arlit, garin da ake haƙar yuraniyom a Nijar. Wani mutum na yawo da matatar ruwa wai nano ce, tana kashe yuraniyom. Baba har ya saya, wallahi hankalina ya tashi. Da gaske ne?

Amsa: Ƙanena, fasahar dai akwai ta, "nano" na nufin ƙwayoyi ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani. Ƙananan ƙwayoyin magnetayit (baƙin garin ƙarfe da maganaɗisu ke ja) ko girafin oksayid (wani sinadarin kabon) suna kama yuraniyom a jikinsu, na magnetayit ɗin ma in ka kara maganaɗisu a gefen kwalba sai ka ga baƙin garin ya taru wuri ɗaya ruwa ya washe. Amma wannan a ɗakin gwaji ne. Ruwan rijiya mai kabonet da kalsiyam da yawa, yuraniyom haɗewa yake da su ya ƙi kamuwa sosai.

To kalmar "kashewa" ɗin nan ita ke ɓata min rai, kullum sai na ji ta. Me aka kashe? Yuraniyom-238 sai ya shekara biliyan 4.5 kafin rabinsa ya ƙare, wai roba ta kuɗi kaɗan za ta kashe shi? Matata tarawa take yi, abin da ke warwatse a jarka ɗari ta dunƙule shi a cikinta, ranar da ta cika kuma ta daina kamawa, wani lokacin ma ta sako wanda ta riƙe, kai kana sha da natsuwa don ruwan garau yake ba wari ba ɗanɗano. Sannan a cire ta a jefar a bola yara su fasa su yi wasa da garin. Ko a Fukushima, tashar nukiliyar Japan da ta yi haɗari, da suka kama siziyam mai radiyeshin daga ruwa da ma'adinin ziyolayit tun 2011, tankunan ziyolayit ɗin da suka cika suna nan a jibge ana gadinsu, tiritiyam kuwa, wani nau'in haidirojin mai radiyeshin, bai ma kamu ba. Masu cewa a tafasa su ma haka, ruwa ke tashi yuraniyom ɗin ya zauna, ƙara masa kauri aka yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta sa iyakar yuraniyom maikrogiram 30 a litar ruwan sha, kuma ƙoda yake fara taɓawa. Ka ce wa Baba a ɗebi ruwa kwalba biyu, ɗaya kafin matata ɗaya bayanta, a kai gwaji, bayan wata biyu a sake. Mai sayarwar kuma a tambaye shi lita nawa take ɗauka kafin ta cika, kuma wa zai karɓi tsohuwar.