Masu bincike daga jami'a sun zo gwajin sankarar bakin mahaifa: mu sa hannu?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Wasu ma'aikata daga asibitin koyarwa na jami'a sun zo asibitin unguwarmu suna yi wa mata gwajin sankarar bakin mahaifa kyauta, amma sai an sa hannu a takarda, wai don bincike. Matan unguwa sun rabu biyu, wasu na cewa da mu za a yi gwajin magani. Shekarata 38, yarana biyar, kuma lafiyata lau. In je ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Shawarata ki je, amma ki tafi da tambayoyi a bakinki.

Tsoron matan unguwarku yana da tushe. Jama'a ba su manta da 1996 ba, lokacin da aka gwada maganin Trovan a kan yara wajen 200 a Kano ana tsakiyar annobar sanƙarau. Irin wannan ne ya sa aka tsaurara ƙa'ida. Tun 2007 Najeriya take da kundin ƙa'idojin binciken lafiya, kuma dole ne kwamitin ɗa'a ya amince da kowane bincike kafin a taɓa mutum. Takardar da suke so ki sa wa hannu ta amincewa ce. Haƙƙinki ne a karanta miki ita da Hausa, a faɗa miki abin da za a ɗiba a jikinki, inda za a kai shi, da wanda zai ga sunanki. Kina iya ƙi, kina iya janyewa ko bayan kin sa hannu, kuma ba a hana ki kulawar asibiti saboda haka. Ki karɓi kwafinki. In babu sunan shugaban binciken da lambar kwamitin da ya ba da izini a jiki, kada ki sa hannu.

Batun "lafiyata lau" kuwa, shi ne ma dalilin gwajin. Ƙwayar cutar HPV ce ke haddasa kusan dukkan wannan sankara, ana ɗaukarta ta hanyar saduwa, kuma tana da yawa ƙwarai, har mace mai miji ɗaya tana iya samunta. Mafi yawan lokuta jiki ne ke kawar da ita da kansa. Idan ta zauna, takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 tana sauya fatar bakin mahaifa kafin ta zama sankara, ko shekara 5 zuwa 10 ga mai raunin garkuwar jiki. A duk tsawon wannan lokaci ba ciwo, ba jini. Ƙiyasin 2020 ya nuna mata kusan 12,000 ke kamuwa da wannan sankara a Najeriya duk shekara, kusan 8,000 kuma suna rasuwa, galibi don sai abin ya yi nisa ake zuwa asibiti.

Gwaji iri biyu aka fi yi a irin wannan fita. Na farko shi ne dubawa da ruwan khal mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari: nas za ta buɗa gaba da wani ɗan ƙarfe ko roba, ta shafa ruwan a bakin mahaifa, ta jira minti ɗaya, wurin da ya fara sauyawa sai ya yi fari. Nan take ake sanin sakamako. Rauninsa shi ne ya dogara da idon mai dubawa da hasken fitila. Kumburin sanyin mata kan yi fari a ɗauka matsala ce, kuma bai dace da wadda ta haura 50 ba, domin wurin da ake dubawa ya riga ya janye ciki. Na biyu shi ne gwajin ƙwayar HPV ɗin kanta, wanda mace ke iya ɗibar samfurinsa da hannunta da ɗan tsinke mai auduga. Ya fi na farko gano matsala, shi ne kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita daga shekara 30, duk bayan shekara 5 zuwa 10. Mai ɗauke da HIV tana farawa a 25, ta maimaita duk shekara 3 zuwa 5. Ki zaɓi ranar da ba kya al'ada, in kuma kina da ciki ki faɗa tun farko.

Ga inda irin waɗannan shirye-shirye suka fi tuntuɓe, kuma nan nake so ki matsa da tambaya. Gwaji ba ya warkar da kowa. Sau da yawa ana ɗibar samfuri, a tafi da shi ɗakin gwaji, sakamako ya fito bayan makonni, lambar wayar da aka rubuta ta miji ce ko ta maƙwabciya, ko kuɗin mota ya hana matar komawa. Masu bincike sun samu alƙalumansu, ita kuwa ba ta samu komai ba. Don haka ki tambaye su: yaushe kuma ta wace hanya zan ji sakamakona? In an ga wani abu, a ina za a yi mini magani, wa zai biya? Ayarin da ya shirya da gaske zai amsa ba tare da kame-kame ba.

In an ga farin tabo ƙarami, ana ƙona shi da wata na'ura mai zafin digiri 100 na daƙiƙa 20 zuwa 40, sau da yawa a ranar, ba tare da an sa ki barci ba. Mahaifa na nan yadda take, haihuwa ba ta tsayawa. Za ki ga ruwa na zuba har kusan wata guda, kuma ana ƙaurace wa saduwa na mako huɗu, abin da ya sa yake da kyau maigida ya san da maganar tun kafin a je. Zazzaɓi, ruwa mai wari ko jini mai yawa na nufin a koma asibiti ba jira. Bayan shekara ɗaya ana sake dubawa. Tabon da ya yi faɗi ko ya shige ciki sai an yanke shi a babban asibiti, wanda aka yi zargin ya zama sankara kuma sai an ɗebi tsoka an duba.

Amfanin binciken kansa ba ƙarami ba ne. A Jami'ar Queensland ta Ostireliya Ian Frazer da Jian Zhou suka aza harsashin rigakafin HPV a 1991, kuma bincike a kan 'yan mata a Kenya na cikin abin da ya nuna allura ɗaya tak tana ba da kariya mai ƙarfi. A kan haka Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allura ɗaya kyauta a watan Oktoban 2023. In kina da 'ya a wannan tsakani, ki tafi da ita ranar, ki tambayi mai rigakafin asibitin ko suna da allurar.