Naitiros wajen tayar da turbo a tseren gajeren zango

Ɗan'uwa, ka ce ka ɗaura wa motarka babban turbo (na'urar da ke tura ƙarin iska cikin injin) a nan Gombe, amma ba ta tashi da ƙarfi sai can tsakiyar hanya, kana tambaya ko naitiros, wato iskar gas da ake fesa wa injin don ƙara masa ƙarfi, zai magance wannan. E, zai magance, amma a bi a hankali.

Turbo da hayaƙin injin yake juyawa. Babba kuwa ba ya samun isasshen hayaƙi a farkon tashi, ga shi tseren mita 402 ne kacal. Naitiros kusan kashi 36 cikin ɗari na nauyinsa oksijin ne, iskar da muke shaƙa kuma kusan 23. Da ya ji zafi wajen digiri 300 na ma'aunin Salsiyas sai ya saki oksijin ɗin, fetur ya ƙone da yawa, hayaƙi ya yi ƙarfi, turbo ya kama nan take.

Ba da yawa ake buƙata ba. Feshin da ke ƙara ƙarfin doki 50 ya isa farawa, ka haɗa shi da makunnin da zai katse shi da zarar turbo ya kama. Ka ƙara fetur, ka ja taimin, wato lokacin da filogi ke ba da wuta, baya kaɗan. In ka bar injin da ƙishin mai, fistan zai huje. Na taɓa riƙe irinsa a hannuna, samansa ya narke kamar kyandir.

Kada ka bar tulun naitiros ɗin cikin but ɗin mota a zafin Maris, matsinsa hauhawa yake yi. Kuma don Allah kada ka gwada a titin Bauchi inda tireloli da 'yan acaɓa ke wucewa.