Gaton shokola da gujiya a tukunyar yashi: me ya sa yake bushewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Na yi gaton shokola da gujiya ba tare da fur (murhun gashi na zamani) ba, a tukunya na zuba yashi na gasa bisa gawayi. Ya fito busasshe yana marmashewa, ƙasansa ya ƙone, kuma ɗanɗanon gujiyar ya ɓace. Milo na sa, da tunkuza. Ina gyaran yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Tukunyarki ba ta da laifi sosai, kayan haɗin ne suka ja miki.

Mu fara da tunkuzar. Ƙwayar gujiya kusan rabinta mai ne, kuma wannan man shi ke sa gato laushi. Tunkuza kuwa an riga an matse manta, saura ce ta ƙuli-ƙuli, shi ya sa da ta shiga ƙullu sai ta tsotse ruwan da ke ciki. Ki soya gujiya sama-sama, ki murje ɓawon, ki kai inji a markaɗa ta da manta har ta yi santsi tana zuba daga cokali. Kafin suya ki tsince duk ƙwayar da ta yi baƙi ko fumfuna, domin gubar da ke cikinta wuta ba ta kashe ta.

Milo kuma abin sha ne, sukari da madara sun fi koko yawa a ciki. Garin koko zalla za ki nema, marar sukari, mai ɗaci a baki. Shi ma mai shan ruwa ne, don haka ki dama giram 50 nasa da ruwan zafi milimita 120 ya zama kamar kunu, ki bari ya huce. Zafin ne ke fito da ƙamshinsa.

A kwano guda ki kaɗa ƙwai 3 da sukari giram 250, ki zuba man gyaɗa milimita 100, nono mai ɗan tsami milimita 200, markaɗaɗɗiyar gujiya giram 100, sai damammen kokon. A wani kwanon ki tankaɗe fulawa giram 200 da hodar tashin gato ɗan fakiti ɗaya, mai giram 11 ɗin nan, ba yis ɗin burodi ba, da bikarbonat rabin ƙaramin cokali da ɗan gishiri. Tsamin nonon ne ke tayar da bikarbonat; kada ki musanya shi da kanwa, za ki ji ta a baki. Ki haɗa kayan kwanonin biyu, da zarar farin fulawar ya ɓace ki ajiye muciya. Yawan juyi na sa gato tauri. Ƙullun zai yi ruwa-ruwa, haka ake so.

Batun ɗanɗano kuwa, a ganina ɓarna ce a zuba gujiyar duka cikin ƙullu, koko zai danne ta. Ki ajiye wata markaɗaɗɗiyar gujiya giram 150, ki haɗa da bota giram 50, sukarin da aka daka ya yi laushi giram 80, da madara cokali biyu. Idan gaton ya huce sarai, ki raba shi biyu a kwance, ki shafa a tsakiya da sama. A nan ne za a ji gujiyar. Lokacin bazara, da zafi ke wuce digiri 40, shafin nan narkewa yake, sai dai firiji ko a shafa dab da ci.

Ƙonewar ƙasa daga wuta ce. Yashin ya kai kaurin yatsu uku, ki rufe ya yi zafi minti 15 kafin ki sa kwanon gashin, kuma ki ɗora shi kan duwatsu ƙanana uku kada ya taɓa yashi. Garwashi kaɗan a ƙasa, mafi yawa a kan marfi. Kada ki buɗe kafin minti 30. Mai fur ta sa digiri 180, minti 35 zuwa 40. Ki soka tsinke a tsakiya: in ya fito da ɗan marmashi mai damshi, ki sauke. Wadda ta jira ya fito tas, busasshen gato za ta ci, domin yana ƙarasa nuna da zafin kwanonsa bayan an sauke.