Amsa ga mai tambaya kan zuwa Suomenlinna da iyali

Malam, ka ce kwana biyu kacal za ku yi a Helsinki, babban birnin Finland, kai da maiɗakinka da 'yarku mai shekara uku, kana tambaya ko Suomenlinna, tsohon sansanin soja mai ganuwa da ke kan tsibirai kusa da birnin, ta isa a ware mata yini. Ku je, rabin yini ma ya wadatar. Sai dai bari in ba ka labarin zuwana na farko don kada ka maimaita wautata.

A watan Nuwamba na je, ban fi wata biyu da sauka ƙasar ba, da 'yar rigar sanyi marar kauri. A zatona wani katafaren gidan sarki zan tarar, mai ƙofa da mai yankar tikiti. Da jirgi ya sauke mu sai na ga dogon gini mai launin ruwan hoda, da kanti, da wata mata tana tura keken jariri abinta. Na ɗan zaga, iska ta kusa cire min kunne, na ce ashe abin ke nan, na bi jirgi na gaba na koma. Ashe ko rubu'in wurin ban gani ba.

Wurin unguwa ce a cikin ganuwa, kamar yadda cikin birnin Kano yake, sai dai ita wannan ganuwar a kan tsibirai take. Mutane kusan 800 ne ke zaune a can, da makarantar firamarensu. Shiga kyauta ne, gidajen tarihin da ke ciki kawai ake biya. Jirgin fito kuwa a bakin kasuwar Kauppatori za ku hau, tafiyar kamar minti 15, kuma na HSL ne, hukumar sufurin birnin, wato tikitin da kake hawa taram da bas da shi, da shi za ka hau. Ka sayi na yini guda ka huta.

In kun sauka, ku bi alamun nan masu shuɗi. Hanya ce ta kamar kilomita ɗaya da rabi har Ƙofar Sarki a can kudu. Za ku fara wuce coci, wanda Rashawa suka gina a 1854 don sojojinsu. A kan hasumiyarsa akwai fitilar da ke yi wa jirage jagora, tana walƙawa sau huɗu a jere, wato harafin H na Helsinki a saƙon Morse. Bayan gada akwai kabarin Augustin Ehrensvärd a tsakar wani fili, shi ne hafsan Suwidin da ya soma aikin ginin ganuwar a 1748, lokacin Finland tana hannunsu, don tare Rasha. Abin da ya fi tsaya min a rai a tarihin wurin shi ne duk wannan wahalar dutse, da ranar gwaji ta zo a 1808 kwamandan sai ya miƙa wuya da dubban sojoji a hannunsa. Rashawa sun kewaye su ne lokacin da teku ta daskare, ba jirgin da zai iya kawo ɗauki. Daga nan Rasha ta riƙe wurin fiye da shekara ɗari, a cikin wannan lokacin ne jiragen Birtaniya da Faransa suka yi masa luguden wuta a 1855. Sunan Suomenlinna ma sai a 1918 aka raɗa masa, bayan samun 'yancin kai. 'Yan Suwidin har yau Sveaborg suke cewa.

Inda za ku ci ribar kuɗin jirginku shi ne Kustaanmiekka, ƙarshen hanyar. Manyan igwa na zamanin Rasha suna nan sun juya baki teku, ga tudun ƙasa da ciyawa ta lulluɓe, ga ramukan dutse da ake ratsawa, sai ka kunna fitilar waya saboda duhu. Zuwana na biyu, a watan Yuni, muna zaune kan dutse muna shan shayi daga fulas sai ga ƙaton jirgin fasinja mai zuwa Stockholm ya nufo 'yar mashigar nan. Wallahi na ɗauka zai goga jikin ganuwa. Haka ya ratsa a hankali, tsayinsa ya rufe mana tsibirin da ke tsallake, mutanen ciki suna ɗaga mana hannu. Da yamma suke fita, in kun dace za ku gani.

To batun yarinya. Yawancin hanyar duwatsu ne aka jera, keken yara yana shan wuya, ita ma za ta sha jijjiga. In Hajiya ta iya goyo, zani ya fi keken. A can kudun kuma akwai gaɓa mai tsayi ba shinge, ka riƙe hannunta gam. Da bazara agwagin daji suna cika ciyawa da kashi, ku duba kafin ku shimfiɗa tabarma.

Abinci ku taho da naku. Akwai wuraren cin abinci, amma da tsada, kuma kullum sai ka yi ta tambayar me ke ciki. Kantin da ke kusa da tasha yana da burodi, ayaba da ruwa. Masallaci babu, ni dai 'yar sallayata nake sawa a jaka in samu gefe, ba wanda ya taɓa ce min uffan. Sannan kada ku leƙa tagogin mutane ko ku shiga farfajiyarsu don ɗaukar hoto, gidajen zama ne.

Ba ka faɗi watan da za ku zo ba. In bazara ce, Vesikko, tsohon jirgin yaƙin nan mai nutsewa ƙarƙashin ruwa, yana buɗe, ana shiga ciki. In hunturu ne yana rufe, kuma a Disamba kafin ƙarfe huɗu duhu ya yi, don haka ku kama jirgin safe. Ko a Yuli ne dai ku riƙo rigar sanyi, iskar can ba irin ta cikin gari ba ce.