Amsa ga 'yar uwar da kalmomin Turanci ke zube mata

'Yar uwa, tambayarki ta taɓa ni. Kin ce kina haddace kalmomi 30 kullum saboda JAMB, kafin Juma'a sun zube, kina so ki san ko bin saiwar Latin zai taimaka. Wallahi zai taimaka. Na san wannan ciwon. Ga ki gaban kwamfuta a ɗakin jarrabawa, kalmar da kika kwana kina bita tana kallonki, lokaci na gudu, kai ya ɗauke ɗif. Kuma ba laifinki ba ne. Laifin masu miƙa wa yara dogon jerin kalmomi ne, ba jimla, ba dangantaka, su ce a haddace. Ta ina zai zauna? In yaro ya faɗi kuma su ce daƙiƙi ne. Wannan abu yana min ciwo ƙwarai.

Ai kin riga kin san dabarar: karanta, karatu, makaranta, duk daga saiwa ɗaya, wato tushen kalma. In kin yi Islamiyya, kataba, kitab, maktab. Turanci ma cike yake da irin wannan, yawanci daga Latin, da dama ta hanyar Faransanci bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066.

Ɗauki port, ma'anarsa ɗauka. Sa masa ɗafa-goshi: ex fita ne, export ke nan, trans ƙetarewa, transport, im shiga, import. Ject jifa ne, shi ya sa inject allura ce, reject a jefo maka abinka baya. Dict faɗa, pre kafin, predict. Spect duba. Scrib ko script rubutu, manus hannu, kin ga manuscript.

Saiwa 3 a mako ta ishe ki. Kowace shafinta daban a littafi, kalmomi 5 a ƙarƙashi, kowace da jimlar da ke kika ƙirƙira. Ki yi bita washegari, bayan kwana 3, sai bayan mako.

Amma ki kula da ɗafa-goshin in, nan ake faɗuwa. Ma'ana biyu gare shi, shiga da korewa. Kuma yana rikiɗa: im gaban p, b, m, il gaban l, ir gaban r. Impossible da illegal korewa ne, import shiga ne. Inflammable kuwa abin da ke saurin kama wuta ne, shi ya sa ake rubuta shi a jikin tankar mai. Invaluable mai tsananin daraja ne. Mit da miss saiwa ɗaya ce, admit da admission. Saiwa hasashe take ba ki, don Allah ki tabbatar a ƙamus kafin ki rubuta.

Af, kada na manta, suna tambayar inda ake danna murya. Import in suna ne a gaɓar farko, in aikatau ne a ta biyu. Haka export da project. Ki riƙa furta su da ƙarfi lokacin bita, ko a kicin kike.