Ƙaramar na'urar kwaikwayon amfilifaya ko babba, ga mai kaɗa jita a gida

Ɗan'uwa, ka ce a ɗakinka kake kaɗa jita, galibi da daddare, ba ka hawa dandamali, kuma kana tambaya ko ya kamata ka tara kuɗin babbar na'ura irin Helix, ko kuwa ƙaramarta HX Stomp za ta wadatar da kai. Dukansu na'urori ne da ke kwaikwayon sautin amfilifayoyin jita daban-daban, kowane kwaikwayo ana ce masa samfuri. Na daɗe ina aiki da duka biyun, kuma shawarata ita ce ka sayi ƙaramar, ragowar kuɗin ka zuba shi a kan abin da za ka riƙa sauraro da shi.

Mutane da yawa suna zaton babbar ta fi daɗin sauti, alhali ba haka abin yake ba. Kamfanin Line 6 ya fitar da Helix a 2015, ya biyo da HX Stomp a 2018, kuma samfuran amfilifaya da ke cikin wannan su ne a cikin waccan. Idan ka ɗora samfuri ɗaya a kan kowacce da saiti iri ɗaya, kunnenka ba zai raba su ba. Bambancin yana wajen yawan abin da na'urar ke iya ɗauka a lokaci guda. Helix tana da ƙwaƙwalwar sarrafa sauti biyu, da gurabe har 32, wato wuraren da ake ɗora samfuri ɗaya-ɗaya, da madannan ƙafa 12, da fedal, ita kuwa HX Stomp ƙwaƙwalwa ɗaya gare ta da madannai 3, kuma ta fara da gurabe 6 kafin sabunta manhajar da aka yi a 2020 ya kai su 8. Kusan haka yake tsakanin FM9 da ƙaramarta FM3 na kamfanin Fractal.

Gurabe 8 ba kaɗan ba ne ga mai kaɗawa a gida. Ka sa amfilifaya haɗe da akwatin lasifikarsa a gurbi ɗaya, ka ƙara mai kaurara sauti, da mai daidaita ƙarfinsa, da mai maimaitawa, da amon ɗaki, har yanzu kana da rarar uku. Inda ƙaramar take nuna iyakarta shi ne lokacin da ka so haɗa amfilifaya biyu, ko ka ɗora mai sauya kaifin dukkan tsirkiyoyi a lokaci ɗaya, domin nan take za ka ga sunayen wasu samfuran sun dushe a kan allo, ka murɗa ka danna sun ƙi shiga, ma'ana ƙwaƙwalwar ta cika. Wanda yake son irin wannan tarin sauti zai ji takura, amma yawancin masu koyo da masu ɗaukar waƙa a gida sauti uku ko huɗu suke juyawa duk shekara.

Madannan ƙafa masu yawa kuwa don dandamali aka yi su, inda kake tsaye, hannuwanka biyu suna kan jita, kuma dole sauti ya sauya a tsakiyar waƙa ba tare da ka tsaya ba. A ɗaki kana zaune ne. Ni a kan tebur nake ajiye tawa kusa da kwamfuta, in haɗa su da wayar USB, in yi gyare-gyarena a manhajar HX Edit, saboda allon na'urar ƙarami ne kuma sunkuyawa a kansa na gajiyar da baya. Wayar nan ita ce kuma take kai sautin cikin kwamfuta idan zan ɗauka.

Abin da ya fi sauya sautin da zai iso kunnenka shi ne lasifika. Waɗannan na'urori suna ba ka sautin amfilifaya kamar yadda makirufo ya ɗauke shi a situdiyo, don haka suna buƙatar lasifikan situdiyo masu fitar da sauti yadda yake ba ƙari ba ragi, irin Yamaha HS5 mai inci 5, ko hedfon mai kyau idan kana gudun damun maƙwabta. Idan kuma a amfilifayar jita ta gaske za ka jona, ka cire samfurin akwatin lasifika, in ba haka ba sautin zai fito a toshe kamar an lulluɓe shi da bargo. Helix a kan lasifikar banza ba za ta kamo HX Stomp a kan mai kyau ba.

Sai batun wuta, wanda a wajenmu ba a tsallake shi. Adaftar HX Stomp mai bolt 9 ce da amfiya 3, adaftar ƙananan fedaloli ba za ta ɗauke ta ba, saboda haka idan ta hannu za ka saya ka tabbatar an haɗo maka da adaftarta ta asali, ka kuma taka kowane madanni ka murɗa kowane maɓalli kafin ka biya. Ka jona ta ta bayan abin kare hawan wuta ko inbata. Idan unguwarku na daɗewa cikin duhu, Boss GT-1 tana aiki da batir ƙirar AA guda 4, kodayake a kunnena sautinta bai kai na HX Stomp ba.

Babbar ta cancanci kuɗinta idan kana rera waƙa tare da kiɗan, domin Helix tana da mashigar makirufo wadda ƙaramar ba ta da ita, ko kana da tarin fedaloli da kake so ka saƙa a ciki, tunda hanyoyin shiga da fita na jona fedaloli huɗu gare ta, ƙaramar kuwa ɗaya. Idan kana hasashen nan gaba za a riƙa gayyatarka wasan biki, ka duba HX Stomp XL da ta fito a 2021, wadda ƙwaƙwalwarta ɗaya da ta ƙaramar amma madannan ƙafarta 8 ne.